Founders Online: abin da na tarar a wasiƙun Jefferson kan makarantu

Malamin da ke neman ainihin takardun tarihi, alhali aljihunsa ba nauyi, ya leƙa Founders Online. Hukumar adana takardun tarihi ta Amurka ce ta buɗe shafin a 2013, ta zuba wasiƙun waɗanda suka kafa ƙasar, irin su Washington, Franklin, Adams, Madison da Jefferson. Ba rajista, ba biyan ko sisi. Rubutu ne zalla, saboda haka ba ya cin data, ko a waya yana buɗewa ba gardama. Darasi nake haɗa wa ɗalibaina kan yadda aka fara zancen karatun firamare kyauta, sai na bi sawun Thomas Jefferson.

Abin da ya fi yi mini amfani shi ne tacewa. Za ka zaɓi marubuci, ka zaɓi wanda aka aika wa, wasiƙun su jeru maka shekara bi shekara. A nan ne mutum ke fitowa fili.

A 1786, Jefferson yana Faris, ya rubuta wa malaminsa George Wythe yana kiransa da ya ɗaura ɗamarar yaƙi da jahilci, domin harajin da za a biya don makarantu bai kai komai ba idan aka kwatanta da abin da sarakuna da masu sarauta za su tatsa in aka bar jama'a cikin duhu. Tun 1779 Jefferson yake da ƙuduri a majalisar jiharsa ta Virginia: a yanka kowace gunduma zuwa ƙananan unguwanni, kowace unguwa da makarantarta, yara maza da mata su yi shekara uku kyauta suna koyon karatu da rubutu da lissafi. Majalisa ta yi watsi da shi. A 1796 aka zartar da wani guntunsa, aka bar wa mahukuntan gundumomi zaɓi, su kuwa masu gonaki ne da ba su da niyyar biya wa 'ya'yan talakawa.

Daga nan ka tace wasiƙunsa zuwa ga Joseph Cabell, ɗan majalisar da ya zame masa ɗan aike a wannan fafutuka. Jefferson ya tsufa, yana ta nanata maganar unguwanni kamar mai bin bashi. A Janairun 1823 har cewa ya yi in dole sai an sadaukar da ɗaya, gara a bar jami'a a riƙe firamare, don ya fi aminci a ce jama'a duka sun waye daidai gwargwado da a ce 'yan tsiraru sun ƙoshi da ilimi saura na cikin jahilci. To amma jami'ar aka gina. An kafa Jami'ar Virginia a 1819, ta ɗauki ɗalibai a 1825, makarantun unguwanni kuwa bai gan su ba har ya mutu a 1826. Ni dai ban wanke shi sarai ba, don ƙarfinsa na ƙarshe kan ginin jami'ar ya ƙarar.

Akwai wata da na buga wa ɗalibai a takarda. A Nuwamban 1783 ya tsara wa 'yarsa Martha, mai shekara 11, yadda za ta raba yininta: ƙarfe 8 zuwa 10 kiɗa, 10 zuwa 1 rawa yau zane gobe, 3 zuwa 4 Faransanci, a koma kiɗa, daga 5 har barci karatun Turanci da rubutu. Lissafi ko sau ɗaya bai fito ba. 'Yan matan ajina suka riga ni lura.

Sai dai a shirya wa Turancin, tsoho ne, kuma Jefferson na rubuta wasu kalmomi ba yadda ake rubuta su yau ba, don haka nema da kalma guda kan tsallake wasiƙu. Bayanan editoci a ƙasan shafi na taimakawa ƙwarai wajen gane wane ne wane, ko da yake wasu wasiƙun ba su da su.

Shafin ba zai ja hankalinka ga abin da ba a rubuta ba. Ƙudurin 1779 na 'ya'yan 'yantattu ne kawai. Jefferson ya mallaki bayi fiye da 600 a rayuwarsa, bayi na cikin waɗanda suka gina jami'ar, kuma 'ya'yansu ba sa cikin tsarin makarantunsa. Wannan sai malami ya shigo da shi aji da bakinsa.