Kunun gida ko Cerelac?

Mata a ƙauyenmu, kusa da Gumel, suna yawan tambayata: yaro ya cika wata 6, wanne za a fara ba shi?

Kunun gida ya fi araha: gero na rumbu, gyaɗa da waken soya a kasuwar Maigatari. Sai dai akwai aiki: surfe, shanya, suya, niƙa, tankaɗe. Waken kuma sai ya soyu sosai, kada ya ɓata wa yaro ciki. Ni ƙamshinsa kaɗai yakan mantar da ni wahalar.

Cerelac kuwa, garin abincin jarirai na gwangwani, damawa kawai ne da ruwan da aka tafasa ya huce, amma da tsada, ga saurin ƙarewa.

Mai hatsi da lokaci, kunu ya dace da ita. Malamar firamare mai sammakon fita, gwangwanin zai rufa mata asiri.