Na yi odar mutum-mutumi, aka kawo mini kwalin gutsattsarin roba

Ranar da direba ya kira ni daga tasha ya ce saƙona ya iso, ko abincin rana ban tsaya ƙarasawa ba. Sati biyar ina jiran kwalin nan. Tun muna yara, lokacin da muke cika falon maƙwabta muna kallon katun ɗin Voltron a NTA, nake da burin wata rana in mallaki irin waɗannan mutum-mutumin in jera a ɗakina, sai yanzu da furfura ta fara leƙowa Allah ya hore mini. Wanda na zaɓa shi ne Gundam RX-78-2, farin nan mai shuɗin ƙirji da jar garkuwa, na jerin da ake kira High Grade. A hoton da mai shagon ya ɗora a shafinsa, ga shi nan tsaye ƙyam, bindiga a dama, garkuwa a hagu.

Tun a hanya jikina ya ba ni. Kwalin shafal kamar ba komai a ciki, in ka girgiza sai ka ji kacau-kacau. Ina isa gida na farke, ɗana na tsaye a kaina yana ɗoki. Babu mutum-mutumi. Ledoji ne kawai, kowace da wani firam na roba, ƙananan gutsattsari maƙale a jikinsa kamar 'ya'yan itace a reshe, wasu farare, wasu shuɗaye, wasu ja da rawaya. Sai 'yar takardar sitika da littafin umarni cike da zane-zane da rubutun Japananci. Wallahi raina ya ɓaci. Kun san yadda canji yake yanzu, kun san abin da ake caza kafin a shigo da kaya daga waje, ba sai na faɗa muku nawa na zuba ba.

Nan take na kira mai shagon. Na ce, "Malam, mene ne wannan ka turo mini?" Ya ce, "Ai Yallaɓai haka yake zuwa, kai za ka haɗa abinka." Na ce to me ya hana ka rubuta haka a ƙarƙashin hoton? Sai ya ce wai ai kowa ya sani. Wannan "kowa ya sani" ɗin ta fi komai ƙona mini rai. Wanda bai taɓa saya ba, a ina zai sani?

Kwana uku kwalin na kan kabad ban ko kalle shi ba. Yaron ne ya dame ni, kullum ya dawo daga Islamiyya sai ya ce, "Baba, mu gwada mana." Daren Alhamis bayan isha'i, an ɗauke wuta, muka kunna fitilar caji muka zauna a tabarma. Uwargida ta ba mu aron babban tirenta don kada ƙananan su ɓace, ni kuma na ɗauko abin yankan farce tunda ba ni da kayan aikin da ya dace.

A daren nan ra'ayina ya juya. Ashe kowane firam da harafinsa, A ko B ko C, kowane gutsure da lambarsa a gefe, littafin kuma da zane yake magana, ba ka buƙatar jin Japananci ko kaɗan. Yaron yana nemo lamba, ni ina yankowa. Da muka haɗa ɓarin ƙirji na gaba da na baya na danna da babban yatsa, sai na ji ƙas! Ya zauna daram, ko zare ba zai shiga tsakani ba. Ba gam, ba ƙusa, ba fenti, kowane yanki da launinsa ya zo. Wurin da ya fi ba mu wuya shi ne sitikar ido, wadda ba ta kai ƙwayar shinkafa faɗi ba. Da tsinken sakace na ɗaga ta, hannuna na rawa, yaron ya riƙe fitila har numfashi ya daina yi. Tana zama, fuskar ta kawo rai, ya yi wata kabbara da ta sa uwarsa fitowa daga ɗaki. Dare uku muka yi a kai. Na daɗe ban zauna da yaron nan awa biyu cur babu waya a hannun kowa ba, kuma wannan kaɗai ya biya ni kuɗina.

Daga baya na bi diddigi na gane abin da na saya. Sunansa Gunpla, kamfanin Bandai ke yin sa tun 1980, shekara guda bayan fitowar katun ɗin Gundam a Japan, kuma na farkon a kan yen 300 aka sayar da shi. Masana'antarsu tana Shizuoka. Haɗawar ita ce ainihin abin da ake saya. Da ƙerarre nake so, wanda za a ciro daga kwali a tsayar, da Robot Spirits ya kamata in nema, ko Metal Build mai ƙarfe a jiki ga wanda aljihunsa ke da nauyi. Duk na Bandai ne, duk Gundam ɗin ne a hoto, shi ya sa sabon shiga ke ruɗewa.

Sai maganar girma, wadda ita ma hoto ke ɓoyewa. High Grade ma'auninsa 1/144 ne, wato kashi ɗaya cikin 144 na ainihin tsayinsa, Gundam ɗin kuma a labarinsa mita 18 ne, don haka abin da zai tsaya a gabanka bai wuce kimanin santimita 13 ba, bai ma kai tsawon tafin hannu da yatsu ba. Master Grade, wanda ya fito a 1995, 1/100 ne, yana kai santimita 18, kuma sai ka gina ƙashin ciki kafin ka lulluɓe shi da sulke. Perfect Grade na 1998 shi ne babban yaya, 1/60, kusan santimita 30. Akwai Real Grade na 2010 da girmansa ɗaya da nawa amma gutsattsarinsa sun fi yawa sun fi ƙanƙanta, ba zan ba wanda bai saba ba shawarar farawa da shi. Mai son sauƙi ya nemi Entry Grade, da yatsa ma ana ɓalle shi daga firam. Ni dai High Grade ya yi mini daidai. Kuskure ɗaya na yi, a daren farko na riƙa murɗe wasu da hannu don sauri, duk inda na murɗe ya bar farin tabo a kan shuɗin roba. A sayi ƙaramar filayar yanka tun kafin kwali ya iso.

To daɗin da na ji ne ya sa na yafe wa mai shagon, har na koma wajensa. Da na sani da ban koma ba.

Wani abokin aikina yana da Bumblebee na Transformers, na jerin Studio Series da aka fara a 2018, masu kamannin na fim. Ya kawo ofis na juya shi daga mota zuwa mutum, na mayar, komai na shiga mazauninsa lafiya lau. Su Transformers a haɗe suke zuwa, daɗinsu na cikin rikiɗar. Tun 1984 Hasbro ta Amurka da Takara ta Japan, wadda daga baya ta koma Takara Tomy, ke fitar da su, kuma da suna ake gane girmansu, Deluxe ƙarami, Voyager matsakaici, Leader babba. Mai son kamannin tsohon katun ya duba jerin Legacy. Can sama kuma akwai Masterpiece, da aka buɗe da Optimus Prime, jagoran jaruman Transformers, a 2003, na manya ne masu ajiya, matakan juya shi da yawa, kuɗinsa ma ba na wasa ba ne.

Masterpiece ɗin na tambayi mai shagon, don jin farashi kawai. Mutumin nan ya ce yana da Optimus Prime na Masterpiece, ya faɗi kuɗin da bai fi na Voyager da wani abin kirki ba. Hausawa sun ce araha ba ta ado, amma zumuɗi ya rufe mini ido. Na tambaye shi har sau biyu, "Malam, tsakaninka da Allah orijina ne?" Ya ce in kwantar da hankalina.

Da ya iso na juya kwalin gaba da baya, babu sunan Takara Tomy ko'ina. Ina buɗewa wani warin roba ya buge ni, irin na sabon silifas. Jan fentin ƙirji ya zarce har kan gilashin, ƙafa ɗaya sako-sako, ɗayar kuma ta ƙage. Duk da haka na ce bari mu gwada, tunda yaron ya riga ya kira abokansa biyu su zo kallo. Ina bin takarda a hankali, na kai wajen naɗe kafaɗar dama, ban sa ƙarfi ba, Allah ne shaidata, sai ɓas, hannun ya taho a hannuna, 'yar ƙusar robar da ke riƙe da shi ta karye daga tushe. Yaran suka yi tsit. Nawa ya ɗago ya kalle ni ya ce, "Baba, za a iya gyarawa?" Wannan kallon ne har yau ban huce ba.

Jabu ne, irin wanda masu tara kayan nan ke kira KO, kwaikwayon da wasu ke bugawa ba da izinin masu abin ba. Da na kira shi sai ya koma cewa ai duk abu ɗaya ne, suna ne kawai ya bambanta, kuma kaya in sun fita ba sa dawowa. Da ya ce mini kwaikwayo ne tun farko, in na ga dama in saya da sanina, da ba mu yi haka da shi ba. Ɓoyewar ce cuta. Kuma da na zauna na yi tunani, sai na ga abin da ya yi mini a karon farko ma shi ne dai, ya nuna hoto ya yi shiru a kan abin da ya san zai sa in sake shawara. Sa'a kawai na ci abin ya zo da alheri. A daren na zazzage firam ɗin Gundam da na adana a leda na haska da fitila, sai da na ga BANDAI da MADE IN JAPAN a jikin robar sannan hankalina ya kwanta. Duk mai saye daga nesa, ya sa a ɗauko masa hoton kwalin na zahiri, gaba da baya, ya ga tambarin kamfani da idonsa kafin ya tura ko sisi.

Gundam ɗin yana nan cikin shogilas ɗin uwargida, ta ba shi gurbi kusa da kofunanta, nesa da taga saboda rana na sa farar roba ta koma rawaya, ga kuma ƙurar hunturu da ke shiga kowane lungu. Ba abin da za a miƙa wa ƙaramin yaro ya fita da shi tsakar gida ba ne, ƙahon goshinsa siriri ne ƙwarai. Voltron ɗin da ya jawo duk wannan kuwa na gano inda yake, a jerin Soul of Chogokin masu ƙarfe da Bandai ta fara a 1997, lambarsa GX-71, zakuna biyar ɗin nan, baƙi a tsakiya, ja da kore hannaye, shuɗi da rawaya ƙafafu. Kwasata ta adashin ofis nake jira, kuma ba ta hannun mutumin nan zai biyo ba.

Karyayyen yana ƙarƙashin gado cikin kwalinsa, hannun a ƙulle a leda. Saƙo huɗu na tura wa mai shagon da hotuna, duk ya buɗe, bai amsa ko ɗaya ba. Gobe in Allah ya kai mu zan tura na biyar.