Wi-Fi ta ƙi fitowa a Linux Mint: a gyara katin ciki ko a sayi na USB?

Wani ɗan'uwa a zauren nan ya ce ya ɗora Linux Mint 22 a kwamfutarsa HP, komai ya tashi lafiya sai Wi-Fi, ko alamarta babu a kusa da agogo, alhali a Windows tana aiki. Tambayarsa ita ce: ya tsaya neman gyaran katin da ke ciki, ko ya je kasuwa ya sayo ƙaramin na USB ya huta?

Malam, kada ka fitar da ko sisi tukuna. Tunda tana aiki a Windows, katin lafiyarsa ƙalau. Buɗe Terminal, wato tagar rubuta umarni, ka rubuta waɗannan biyun:

rfkill list
lspci -nnk | grep -iA3 net

Na farkon zai nuna ko an rufe Wi-Fi ne. In ka ga "Soft blocked: yes", rubuta sudo rfkill unblock all, shi ke nan. In kuwa "Hard blocked: yes" ne, umarnin rfkill ba zai buɗe ta ba, sai maɓallin kwamfutar, wanda a HP da yawa F12 ne mai hoton eriya ko jirgin sama, ko kuma cikin BIOS, wato saitin da ake shiga yayin kunna kwamfutar. Wannan ya shafi hanyoyin biyu duka, domin manhajar NetworkManager kan kashe Wi-Fi ɗungurungum in ta ga an rufe ta haka, sai ka cusa sabon USB shi ma ya yi shiru.

Na biyun zai ba ka sunan katin da lambarsa. Wadda ta fara da 14e4 Broadcom ce, 10ec Realtek, 8086 Intel. Duba ƙasa ko akwai layin "Kernel driver in use". In babu, direba ne ya ɓace, wato manhajar da ke sa katin aiki.

Gyaran katin ciki

Kuɗinsa data ce kawai. Sai dai kana buƙatar intanet kafin ka gyara intanet ɗin: haɗa wayarka ta Android da kebul, ka kunna USB tethering a saitinta, Linux za ta ɗauka nan take ba tare da wani direba ba.

In Broadcom ce, kamar BCM43142 mai lamba 14e4:4365, buɗe Driver Manager, za ta nuna maka broadcom-sta-dkms, ka zaɓa ka sake kunna kwamfutar. A tsofaffin Mint da Ubuntu sunansa bcmwl-kernel-source. A nan mutane suka fi faɗuwa: direban ya shiga amma Wi-Fi ba ta zo ba. Yawanci Secure Boot ne ya hana shi tashi, saboda ba ya yarda da direban da bai san sa hannunsa ba. Rubuta mokutil --sb-state, in ya ce "enabled" ka shiga BIOS da F10 ka kashe shi. Ko kuwa in shuɗin allon MOK ya fito maka yayin kunnawa, kada ka tsallake, ka zaɓi Enroll MOK ka sa kalmar sirrin da ka ƙirƙira lokacin ɗora direban.

In Realtek RTL8821CE ce, lamba 10ec:c821, direbanta na cikin kanel, wato zuciyar Linux, tun siga ta 5.9, don haka sabunta manhajar gaba ɗaya shi ne matakin farko. RTL8723BE kuwa ciwonta daban: tana ganin Wi-Fi amma sai ka manna kwamfutar da wayar da ke ba da hotspot. Dalili shi ne wasu HP sun zo da wayar eriya ɗaya tak, direban kuma yana sauraro ta ramin da babu waya. Ƙirƙiri fayil /etc/modprobe.d/rtl8723be.conf ka rubuta options rtl8723be ant_sel=2 a ciki, in bai yi ba ka gwada 1.

Ribar wannan hanya ita ce eriyar ciki, wadda aka zagaya da ita har saman allo, ta fi ta kowane ƙaramin USB jan sigina. Naƙasunta kuma, direban Broadcom ana sake gina shi duk lokacin da kanel ya sabunta, wani lokacin ginin ya ƙi, Wi-Fi ta sake ɓacewa. In hakan ta faru, zaɓi tsohon kanel daga allon GRUB, wato jerin zaɓi na lokacin kunna kwamfuta, kafin gyara ya iso.

Sayen na USB

Sauƙinsa a fili yake, in ka dace: cusawa kawai. Amma sunan da ke jikin kwali ba shi ne abin dubawa ba, ƙwaƙwalwar da ke ciki ce. TP-Link TL-WN722N na farko yana ɗauke da Atheros AR9271 da Linux ta sani sarai, na biyu da na uku kuwa Realtek ne a ciki, suna ɗaya, kwali kusan ɗaya. Mutum na iya gudun neman direba ya sayo wani neman direban.

Saboda haka ka tafi shagon da kwamfutarka. A cusa a gabanka, ka rubuta lsusb. In ka ga 148f:7601, MediaTek MT7601U ce, 0cf3:9271 kuma Atheros ɗin nan ce, dukansu direbansu na cikin kanel. Ka haɗa da hotspot ɗin wayarka a nan shagon kafin ka biya. Ka sani su biyun 2.4GHz kaɗai suke kamawa, gudunsu bai wuce 150Mbps ba, in hotspot ɗinka na kan 5GHz ba za su gan shi ba sam. Ga cinye ramin USB guda, ga saurin karyewa in an tura kwamfutar cikin jaka da shi a jiki.

Mu dai shawararmu ka fara da katin ciki, na USB ya zama na ranar da gyaran ya gagara. In Broadcom ɗin ta ci gaba da wahalar da kai, a canza ta da katin Intel: AX200 in ramin M.2 ne, 7260 in tsohon mini PCIe ne. Kada a ba ka AX201, ba kowace kwamfuta yake shiga ba, kuma wasu tsofaffin HP da ThinkPad BIOS ɗinsu na ƙin baƙon kati, don haka a gwada a gabanka.

Turo mana abin da umarnin biyu na sama suka nuna, daga lambar katin za mu faɗa maka sunan direban da za ka ɗora.