Windows 11 na dole ko Linux Mint: amsa ga Malam na Daura

Wa alaikumus salam Malam. 'Yar ƙaramar kwamfutar HP EliteDesk 800 G2 ɗin nan taka mai furosesa i5-6500T da ta ƙi karɓar Windows 11, kake tambaya ko a cusa mata shi da ƙarfi ko a ɗora mata Linux: ɗora mata Linux Mint, wato wani nau'in Linux, tsarin tafiyar da kwamfuta na kyauta mai maye gurbin Windows. Sharaɗi ɗaya ne zai iya rushe wannan shawara, zan zo kansa.

Kada wani ya ce maka lalacewa ta yi. Lafiyarta ƙalau. Da Microsoft ta fitar da Windows 11 a watan Oktoban 2021, sai ta ja layi: furosesar Intel daga ƙarni na 8 zuwa sama, TPM 2.0 da Secure Boot (matakan tsaro ne na cikin na'ura), ram aƙalla 4GB, ma'aji 64GB. Taka 'yar ƙarni na 6 ce, fitowar 2015, kuma 6 ɗin da ke farkon 6500T ita ta tona mata asiri. Ko an daidaita mata TPM, furosesar ba ta cikin jerin waɗanda aka amince da su. Windows 10 da ke kanta kuwa wa'adinsa ya cika ranar 14 ga Oktoba 2025, ƙarin facin tsaro da aka buɗe wa waɗanda suka yi rajista shi ma iyakarsa 13 ga Oktoba 2026. Na'urar da za ta riƙa hawa intanet tana ɗauke da sakamakon ɗalibai da jarabawar da ba a riga an yi ba, bai kamata a bar ta haka ba.

Tawa Dell OptiPlex 3050 Micro ce mai i5-7500T, ita ma an hana ta shiga. Tana ɗaure a bayan allo a shagona wajen Ƙofar Ƙaura, mai shigowa ma sai ya tambaya ina kwamfutar take. Mint 22 na saka mata, nau'in Cinnamon mai fuska kamar ta Windows. Wata rana ƙanwar maiɗakina, ɗaliba ce a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, ta zo buga furojet ɗinta. Ban ce mata uffan ba. Ta zauna, ta danna alamar da ke kusurwar hagu ta ƙasa kamar yadda ta saba, ta sami abin rubutu, ta duƙufa tun bayan la'asar har aka kira magariba. Sai da ta miƙe tana gyara mayafi take tambayata wai wane irin Windows ne wannan mai kore. Abin da ya fi burge ni ma filas ɗinta ne. Ka san filas ɗin ɗalibai, ya zaga shagunan bugu rututu ya kwaso bairos ɗin nan mai ɓoye fayiloli ya bar maka gajerun alamomi marasa buɗuwa. Ta riga ta fara hawaye a makaranta wai babi na uku ya tafi. Da muka soka shi a Mint, ga fayilolinta nan reras, ga tarkacen bairos ɗin a gefe ba shi da yadda zai yi ya tashi, domin da yaren Windows aka rubuta shi. Muka kwashe nata muka goge sauran. Kai da malamai za su riƙa kawo maka tambayoyi a filas daga ko'ina, wannan kaɗai ya isa dalili. Amma ka riƙa gogewa, don in ka bar shi a ciki zai kama kwamfutar mai Windows ta gaba.

Sai maganar data da wuta, wadda ita ce ainihin rayuwarmu a nan. Fayil ɗin saka Mint bai wuce kamar 3GB ba, na Windows 11 ya haura 5GB. Bayan an saka, Mint ba ya sauke komai a bayan idonka. Wata 'yar garkuwa ce ke fitowa a ƙasa ta sanar da kai akwai sabuntawa, kai za ka zaɓi lokaci, ko cikin dare in data ta yi araha, ko da rana tsaka lokacin da sola ta cika batir. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga ƙaramar kwamfuta, saboda ba laftof ba ce, ba ta da batir a cikinta. Wuta na ɗaukewa ta mutu nan take, in kuwa ta mutu tana tsakiyar sabuntawa, wani lokaci sai an sake lale. Ita dai ba ta da ci, furosesar wat 35 ce, cajarta wat 65, ƙaramar inbata ma ta ɗauke ta da allonta. Kuma Mint 22, wanda aka gina kan Ubuntu 24.04, yana da facin tsaro har 2029, ba tare da an tambaye ka TPM ko ƙarnin furosesa ba.

Windows 11 kuwa, zai hau. Ka sauke Rufus, manhajar da ke rubuta fayil ɗin sakawa a kan filas, ka ba shi fayil ɗin Windows, ya nuna maka akwatin cire sharaɗin TPM da Secure Boot, ka danna, shi ke nan. Da ram 8GB da ma'aji mai sauri na SSD zai yi tafiyarsa, ban ce ba ya yi ba. Sai dai zaman ɗan haya ne marar takarda. Microsoft ta faɗa a fili cewa na'urar da ba ta cika sharuɗɗa ba, ba ta da haƙƙin samun sabuntawa. Facin wata-wata galibi yana zuwa, amma babban sauyin shekara ba a miƙo maka shi, kuma kowane fitowa na Home da Pro wata 24 yake yi ya ƙare. Na 23H2 ya ƙare ranar 11 ga Nuwamban 2025. In naka ya ƙare, sai ka koma ka sake sauke 5GB ka sake dabara. Fitowar 24H2 ma ta zo da buƙatar da ta rufe wa tsoffin furosesa irin Core 2 Duo ƙofa gaba ɗaya, ko Rufus bai cece su ba. Taka ta tsallake wannan, gobe kuma Allah masani.

Yanzu sharaɗin. In akwai manhajar da abincinka ya rataya a kanta kuma Windows kaɗai ta sani, to ka manta da duk abin da na faɗa. CorelDraw na masu zana katin biki da satifiket, Photoshop, manhajojin rajista masu aiki da na'urar ɗaukar zanen yatsa, waɗannan ba su da gida a Linux. Za ka ji masu cewa Wine, manhajar da ke tayar da manhajojin Windows a Linux, zai buɗe su. Wani lokaci ya buɗe, wani lokaci ya rufe maka aiki a tsakiya, ba abin da za ka dogara da shi ranar da iyayen yara suka cika ofis ba ne. Haka firinta. Yawancin tsoffin HP LaserJet da ke makarantunmu Mint na gane su da an soka waya, wasu ƙanana sai an ƙara sauke ɗan abu. Canon LBP2900 kuwa direbanta a Linux yana wahalar da mutane ƙwarai. In ita ce da kai kuma ba ka da niyyar canzawa, je ka yi Rufus ɗinka.

In dai buga jarabawa ne, da jadawalin maki, da shiga shafukan intanet, da kallon karatu, LibreOffice da Firefox suna ciki tun daga farko, ba kuɗin lasisi. Akwai kibod ɗin Hausa mai ƙ da ɗ da ɓ, akwai na Larabci, sai dai ka shiga saitunan harshe na LibreOffice ka kunna rubutun dama zuwa hagu kafin ka fara buga Fiƙihu da Tajwidi. Inda yake da rauni kuwa, fayil ɗin Word mai tebura da yawa yakan ɗan goce, layi ya sauka shafi na gaba, saboda haruffan Calibri babu su sai makwafinsu. Maganinsa ka mayar da takarda PDF kafin ka kai ta shagon bugu.

Ba sai ka goge komai ba kafin ka gani da idonka. Nemi filas mai 8GB, ka rubuta Mint a kai da Rufus ɗin dai. Kunna na'urar kana danna F9, ka zaɓi filas ɗin, Mint zai tashi daga cikinsa bai taɓa Windows ɗinka ba. A nan za ka gwada firinta, sauti, da waifai. Da yawa daga cikin irin waɗannan kwamfutoci na ofisoshin Turai da Amurka ba su da katin waifai a ciki, mai shago ne ke haɗa ka da ɗan ƙaramin abin sokawa, kuma wasunsu ba sa tashi a Linux sai an sauke direba. In ka gamu da haka, haɗa wayarka da igiyar caji ka kunna raba intanet ta USB, nan take zai kama. Masu Dell da ke cikinmu, maɓallinku F12 ne, kuma in manhajar saka Mint ta ce ba ta ga SSD ba, ku shiga BIOS, wato saitunan asali na na'urar, da F2 ku mayar da SATA daga RAID zuwa AHCI. Na Lenovo F12 da F1. Duk abin da ya yi aiki a gwaji zai yi bayan an saka. Kwashe fayilolinka tukuna, sannan bayan ka gama ka kunna Timeshift, shi ke ajiye hoton tsarin don ranar da wani abu ya rikice.

Ba ka tambaya ba, amma tunda na ga wasu a nan suna shirin sayen irinta, bari in faɗa. Kasuwar kwamfutocin da aka yi amfani da su ta cika da 'yan damfara, daga Legas har Kano har nan gida, musamman masu talla a waya. Sabon salonsu shi ne su cusa wa tsohuwar na'ura Windows 11 da dabarar nan da na bayyana, su liƙa takarda, su ce maka ai ga shi tana ɗauka, su ƙara kuɗi. Ganin Windows 11 a allo ba hujja ba ce. Kuma kada kalmar i5 ko i7 ta ruɗe ka, lambar da ke bayan layin ita ce magana. i7-4770 ɗan ƙarni na 4 ne, ba ya cikin jeri, alhali i3-8100T yana ciki. Duk mai shagon da ya ce maka “ai i7 ce” ya ƙi faɗin sauran lambar, ka san da walakin. Sa ya buɗe maka bayanan na'urar ka karanta da kanka, ka ga ram, ka ga girman SSD.

Shiga BIOS a gabansa. In ta nemi kalmar sirri kuma bai sani ba, ajiye ta ka yi gaba, domin ƙila ba za ka iya tayar da ita daga filas ba. Wasu kuma har yanzu suna rajiste da sunan kamfanin da ya yi amfani da su a waje, sai ka goge ka sake saka Windows ka haɗa intanet, ta fito maka da shafin shiga na wani kamfani da ba ka taɓa jin sunansa ba. Duba caja, ta asali ce ko ta bogi. Na Dell da HP suna da ɗan tsinke a tsakiyar baki wanda na'urar ke gane cajar da shi, in ba ta gane ba takan rage gudu ko ta ƙi tashi. In agogonta yana komawa baya duk lokacin da aka cire wuta, wannan ba abin tsoro ba ne, batirin CR2032 ne ya mutu, irin na agogo, amma ka sa a rage maka kuɗinsa. Mafi muni su ne 'yan akwatunan nan masu ƙyalli marasa sanannen suna, sababbi fil a kwali, masu furosesar Atom da ma'aji 32GB a manne da allon ciki. Wani maƙwabcina ya ɗauko ɗaya don arha, ba ta ƙaruwa, ba ta canzuwa, sabuntawa ɗaya ta cika ta. Wasu tsoffin cikinsu ma UEFI ɗinsu, wato tsarin da ke tayar da na'urar, 32-bit ne, filas ɗin Windows da kowa ke amfani da shi ba ya tashi a kansu. Taka ta hannu ta fi su nesa ba kusa ba.

Wanda bai riga ya saya ba kuma lalle Windows 11 yake so, ya ƙara kuɗi ya nemi 'yar ƙarni na 8: EliteDesk 800 G4, ko OptiPlex 3060 Micro, ko ThinkCentre M720q. Su ba sa buƙatar wata dabara. Kai kuwa Malam, riƙe taka. Buɗe murfin ka hure ƙurar fankar kafin hunturu ya shigo, ƙurar Daura ba wasa ba ce. In saukewar za ta cinye maka data, duk ranar da ka shigo Katsina ka biyo da filas ɗinka in zuba maka, ka kuma turo mana lambar firintar makarantar a nan mu duba ta tun kafin ka goge komai.