Samarƙand ko Bukhara: wanne za a ba kwana biyu?

Wanda ya je Uzbekistan da ɗan guzuri da kwanaki ƙalilan, dole ya zaɓa tsakanin biranen nan biyu.

Samarƙand gari ne na cika ido. A dandalin Registan akwai manyan madarasu uku da ke fuskantar fili ɗaya, bangonsu lulluɓe da tayil shuɗi mai ƙyalli. Ta farko sarki Ulugh Beg ya gama gina ta a 1420. Kabarin kakansa Timur, sarkin da ya kafa daularsu, na nan kusa. Kuma a ƙauyen Khartank, bayan gari kaɗan, aka binne Imam Bukhari, wanda ya rasu a shekarar 256 bayan Hijira. Sai dai wuraren a warwatse suke cikin birni na zamani, sai da tasi.

Bukhara kuwa, mahaifar Imam ɗin, da ƙafa ake cin ta. Ka bi lungu mai kama da na cikin birnin Kano, ka ɓulla gindin hasumiyar Kalyan da ke tsaye tun 1127. Ka tsaya a hubbaren sarakunan Samaniyawa, ka ga yadda magina suka saƙa tubali kamar tabarma. Da la'asar ka zauna bakin tafkin Lyabi Hauz, ƙarƙashin tsoffin bishiyoyi, dattawa na kurɓar shayi.

Ni dai Bukhara zan ba kwana biyun. Jirgin ƙasa na Afrosiyob yana haɗa biranen biyu cikin ƙasa da awa biyu, don haka ziyarar kabarin Imam ba za ta kuɓuce ba.