Shekara guda da feshin hanci da ruwan gishiri: abin da suka yi mini da wanda suka kasa

Shekara shida na yi ina cewa mura ce. Yadi nake sayarwa a Kantin Kwari, kuma duk wanda ya taɓa tsayawa inda ake kwance dila ya san ƙurar da ke tashi, shi ya sa ban taɓa neman wani dalili ba. Atishawa ce ke tashina da asuba tun kafin ladan, goma ko sha biyu a jere, har yara suka mayar da ƙirgawa wasa. Hanci a toshe, ido na ƙaiƙayi, majina na gangarowa ta maƙogwaro. Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne sujada: da na kai goshi ƙasa sai in ji kamar an ɗora mini dutsen niƙa a tsakanin idanu. Ƙanshi kuwa tuni na yi sallama da shi. A ajiye mini miyar kuka da ta sha daddawa da man shanu, in ci kamar ina tauna auduga.

Babu abin da ban gwada ba. Sirace da ganyen darbejiya, shayin citta da kanumfari, man habbatus sauda, da kafso iri-iri da mai kemis ɗin unguwa ke haɗa mini duk lokacin da majinar ta yi kauri. Sai wani maƙwabcina a kasuwa ya nuna mini maganin ɗigawa mai sinadarin xylometazoline. Minti biyar hanci ya buɗe wayam, na ce yau na rabu da wahala. A jikin kwalin an rubuta kada a wuce 'yan kwanaki ana amfani da shi, ni kuwa sai da na shekara biyu. Kwalba ɗaya a aljihun riga, ɗaya a mota, ɗaya ƙarƙashin filo. Laifina ne, na karanta na yi biris.

Mai ɗakina ce ta tasa ni gaba zuwa wajen likitar kunne, hanci da maƙogwaro, bayan minsharina ya kori barcinta. Likitar ta leƙa hancin da wata siririyar na'ura mai fitila, ta tambayi tsawon lokacin, ta ce duk kumburin hanci da kogunan iskar da ke cikin ƙashin fuska da ya haura mako 12 ya tashi daga mura. Da na fito da kwalbar aljihuna sai ta girgiza kai.

"Alhaji, wannan ai shi ke toshe maka hancin yanzu. Yana matse jijiyoyin jini ne, da ya sake su sai su kumbura fiye da da, kai kuma ka ƙara ɗigawa."

Daga nan ta ce tana zargin alaji ne tushen abin. Na ce, "Likita, wane Alhajin?" Ta yi dariya ta ce ba na Makka ba, borin jiki take nufi: garkuwar jikin mutum ta ɗauki abin da ba ya cutarwa a matsayin abokin gaba, ta yi ta sakin wani sinadari da ake kira histamin, shi ke kawo atishawa da ƙaiƙayi da kumburi.

Gwajin shi ne kuɗin da na fi jin daɗin kashewa a duk wannan tafiya. An ce in dakatar da ƙwayoyin mura na mako guda, don suna ɓoye sakamako. Ranar gwajin ma'aikaciyar ta zana lambobi da biro a cikin hannuna, ta ɗiga ruwa daban-daban kusa da kowace lamba, ta ɗan tsikari fatar da wani tsinke, ko jini bai fito ba. Bayan minti 15 wurare biyu suka yi ruɗu-ruɗu kamar cizon sauro, suna ƙaiƙayi kamar in yage fatar. Ta sa ma'auni ta auna faɗinsu. Ɗaya na kyankyaso ne, babban kuma na ƙwarin ƙura, wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani, masu zama cikin katifa da filo da kafet suna cin ɓarɓashin fatar mutum. Kashinsu ne ke tayar da borin.

A nan na gane abin da ya daɗe yana ɗaure mini kai. Kowa a Kano da hunturu yake kuka, ni kuwa damina ce ke kwantar da ni, Yuli zuwa Satumba. Ashe ƙwarin nan laima suke so, a busasshiyar iska ba sa yaɗuwa sosai. Shekara shida ina zagin ƙurar kasuwa, ɓarawon yana cikin ɗakina, a ƙarƙashin kaina.

Abu uku aka rubuta mini: feshin hanci mai fluticasone, fesawa biyu a kowace kafa sau ɗaya a rana, wanke hanci da ruwan gishiri safe da yamma, sai ƙwayar cetirizine mai miligiram 10 a ranar da ƙaiƙayi ya yi yawa.

Feshin na fara da ƙin sa. Da na ji an ce dangin sitiroyid ne sai na tuna da "sha ka fashe" da ake sha don ƙiba, fuska ta kumbura. Likitar ta ce wannan a cikin hanci yake tsayawa, abin da ke shiga jini daga cikinsa bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Matsalarsa ta gaskiya ita ce jinkiri. Wanda ya saba da mai buɗewa cikin minti biyar zai rantse cewa ruwa aka sayar masa. Makon farko na haɗa shi da yaye kaina daga maganin ɗigawa, na fara daina sa wa kafar dama, bayan kwanaki na bar ta hagu, kuma ba na fatan maƙiyina ya ga irin waɗannan darare. A zaune nake barci, baki buɗe, harshe ya bushe kamar ƙirgi. Sau biyu na miƙa hannu ƙarƙashin filo na tarar mai ɗakina ta ɗauke kwalbar. Sai wajen kwana na goma na farka na ji iska na wucewa ta hanci ba tare da na ɗiga komai ba. A mako na biyar, ina shigowa gida da magariba, na tsaya a zaure na ce, "Wa ke soya albasa?" Ta leƙo daga kicin da ludayi a hannu ta ce, "Baban Ummi, ka ji da gaske?"

Yadda ake fesawar ma ilimi ne, kuma ni sai da na haɓo sau uku kafin na koma aka gyara mini. Ina cusa bakin kwalbar ne tsaye, yana dukan ƙashin tsakiyar hanci, ina kuma zuƙa da ƙarfi har ya sauka maƙogwaro. Daidai shi ne ka face hanci, ka ɗan sunkuyar da kai, ka riƙe da hannun dama ka fesa wa kafar hagu, da na hagu ka fesa wa ta dama, bakin na kallon gefen ido, ka shaƙa a hankali kamar mai sansana turare. Tun daga ranar ban sake ganin jini ba. Wannan bayanin da a ce tun ranar farko aka yi mini shi, ba bayan na ɓata hula da riga ba, kuma a nan nake ganin asibitin ya gaza.

Wankin hanci kuwa mai alwala ba zai ga baƙon abu ba, sai dai wannan ruwan ta kafa ɗaya yake shiga ya fito ta ɗayar. Gorar da na saya mai cin mililita 240 ce, da ƙananan ƙunshin gishirinta. Da suka ƙare na koma haɗawa a gida: ƙaramin cokali ɗaya na gishiri, ɗaya na bekin soda, a ruwan da ya ɗan haura rabin lita. Ruwan dole a tafasa shi a bari ya huce, ba a ɗebo na rijiya ko na 'yan garuwa a zuba kai tsaye, saboda ƙwayoyin cutar da ciki zai iya kashewa hanci ba zai iya ba. Kada kuma wani ya ce kanwa za ta maye gurbin sodar. Ranar da na dawo daga kasuwa cikin hazo, abin da ke fitowa ja ne kamar an jiƙa bulo. Shi ya fi komai araha, kuma in aka ce in zaɓi ɗaya a lokacin hunturu, shi zan ɗauka. A wanke tukuna sannan a fesa, in an juya an wanke maganin ne. Da azumi na mayar da su duka bayan buɗa baki da lokacin sahur, na huta da tambayar malamai.

Cetirizine ba ni da dogon zance a kanta. Tana kashe atishawa, ba ta buɗe toshewa, kuma ni tana ɗan sa ni gyangyaɗi, don haka da dare nake sha.

Rigimar da ta fi kowacce zafi a cikin gida aka yi ta. Kafet ɗin ɗakin barci na kayan auren mai ɗakina ne, sai da aka kai ruwa rana kafin ya koma falo. Zanin gado da rigar filo ana wanke su kowane mako da ruwa mai zafi sosai, don sai ya kai wajen digiri 60 yake kashe ƙwarin. Katifa muna fitar da ita rana. Igiyar leƙo ta bar gidan, gidan sauro ya shigo. Turaren wuta ne ban yi nasara ba, kuma ban yi tsammanin yi ba. Shi ba ya cikin abin da gwajin ya nuna, hayaƙin ne kawai ke fama hancin da ya riga ya kumbura. Mun daidaita a kan ta sa kasko bayan na fita kasuwa, a buɗe tagogi kafin in dawo.

Wuri biyu ne zan rage wa feshin maki. Na farko tsada: kwalbar mai fesawa 120 wata ɗaya take yi a farko, kuma kuɗinta na iya yin cefanen kwanaki a gidana. Bayan wata uku aka rage mini zuwa fesawa ɗaya a kowace kafa, ta koma kai wata biyu. Ina duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa kafin in biya, kuma a babban kantin magani nake saye. Na biyu, ba ya warkarwa. A Nuwamba na ji garau na ajiye shi ba da sanin likita ba, ban rufe mako uku ba yara suka dawo ƙirga.

Na tambayi likitar ko akwai mai tuge abin daga saiwa. Ta ce akwai hanyar horar da garkuwar jiki, ana ba mutum ɗan kaɗan daga abin da jikinsa ke ƙi, ta allura ko ƙwayar da ake sawa ƙarƙashin harshe, tsawon shekara 3 zuwa 5. Tsohuwar dabara ce, tun 1911 wani likita mai suna Leonard Noon ya fara ta a Landan. Su ba sa yi a asibitinsu, ta ce za ta bincika mini inda ake samu da abin da zai ci. Kafin nan ta ce in koma fesawa biyu tun makon da hadari ya fara haɗuwa, kada in jira atishawar ta riga ni. Jiya na sayo kwalba biyu na ajiye.