Kano zuwa Jidda: yadda Flightradar24 ya kwantar mini da hankali ranar zuwan Hajiya

A Makka nake zaune, wajen Shara Mansur, kuma a azumin 2024 Allah ya nufi mahaifiyata da zuwa Umara karon farko. Tun saura mako guda na shiga wani shafin intanet mai lissafa tazarar filayen jirgi, na sa filin Malam Aminu Kano da na Sarki Abdul'aziz na Jidda. Ya ba ni kilomita kusan 3,400, tafiyar awa huɗu da rabi. Na ƙara awa biyu, tunda agogon Saudiyya yana gaban na Najeriya da awa biyu, na tsara lokacin da zan baro Makka.

Tazarar daidai take, amma ta miƙaƙƙen layi ce, kuma layin ta kan Chadi da Sudan ya bi kafin ya tsallaka Bahar Maliya. Tun da yaƙi ya ɓarke a Khartoum ranar 15 ga Afrilun 2023 aka rufe sararin samaniyar Sudan, jirage suka koma zagaye. Shafin bai ce uffan a kan wannan ba.

Da dare ƙanwata ta kira daga Kano: "Yaya, sun shiga jirgi, Hajiya ta ce ka yi mata addu'a." Na isa filin jirgi a kan lokacin da na ƙiyasta. Awa guda ta wuce shiru, wayar Hajiya a kashe, ga ta da hawan jini kuma ba ta taɓa hawa jirgi ba. Hankalina ya tashi ƙwarai. Wani bawan Allah ɗan Zinder da ke jiran matarsa ya lura da ni, ya ce, "Malam, sauke manhajar bin sawun jirage ta Flightradar24 ka sa lambar jirgin."

Ina sa lambar sai ga ɗan jirgi ruwan ɗorawa yana rarrafe a kan taswira, layin da ya biyo a bayansa ya lanƙwasa kamar baka, ya kauce wa Sudan gaba ɗaya. Ga tsayin da yake a sama, ga gudunsa, ga lokacin da ake sa ran zai sauka, yana sauyawa yayin da jirgin ke matsowa. Wallahi sai da na ji ƙirjina ya yi sanyi. Muka zauna kafaɗa da kafaɗa da mutumin nan muna kallon wayata har jirgin ya shigo kan teku.

Daga baya na gano yadda abin ke aiki: jirgin ne da kansa ke watsa bayanin inda yake, na'urorin da aka kafa a ƙasashe daban-daban suna kamawa. Ba sai ka biya ko sisi ba kafin ka bi jirgi guda. Abin da ya fi burge ni shi ne kana iya duba tafiyar wannan jirgin ta kwanakin baya, ka ga awa nawa ya ci a zahiri. Yanzu da shi nake tsara tarbar baƙi.

Tafiyar Hajiya ta haura awa shida. Ta fito tana jan jakarta, ƙafafunta sun ɗan kumbura, ta riƙe hannuna ta ce, "Ɗan nan, tun yaushe kake tsaye a nan?" Na karɓi jakar, muka kama hanyar Makka kafin lokacin sahur.